Ba Jabu Ba Ne, Hanya Ce Ta Kashe Shi

A tsakiyar bazarar da ta wuce na tsaya a wani wurin wankin mota da ke bakin titin Kano zuwa Daura, cikin garin Kazaure. Mai wurin matashi ne da ya kammala difloma, aikin gwamnati bai samu ba, sai ya tattara ɗan abin da ke hannunsa ya sayi injin feshin ruwa da janareta. Na same shi ransa a ɓace, ya jera robobin man goge mota 12 a kan benci. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta sama don in gani. Samanta ruwa ne tsararo, ƙasanta kuwa gudaji ne, kamar nonon da ya kwana ya tsinke. Ya girgiza ta iya ƙarfinsa, ta ƙi haɗuwa. Kwana biyu kafin nan ya shafa irinsa a motar wani babban mai hulɗa da shi, sai ya bar wa fenti zane-zane, mutumin kuma ya ɗauke ƙafa.

"Yallaɓai, jabu suka sayar mini," in ji shi. "Shekara huɗu ina saye a hannun mutumin nan a Kano, yau ko gaisawa ba ma yi."

Dillalin, kamar yadda ya ba ni labari, ya rantse cewa kayansa na asali ne. Na jujjuya robar. Hatiminta lafiya lau, lambar kamfani tana nan, wa'adinta kuma da sauran fiye da shekara. Sai na ce masa, "Malam, mai yiwuwa ne ku biyun duk gaskiya kuke faɗa."

Abin da nake son kafa hujja a kansa ke nan a yau. A kasuwanninmu mun raba kaya gida biyu kawai, na asali da na jabu. Akwai gida na uku wanda ba mu raɗa masa suna ba: kayan da ya fito daga kamfani da lafiyarsa, sanyi ko zafi ya kashe shi a hanya. Tunda ba shi da suna, babu mai ɗaukar alhakinsa, asara kuma kullum tana faɗawa kan na ƙarshe a layi, wanda ya fi kowa ƙarancin jari.

Abin da sanyi ke yi wa kwalba

A ƙasashen da ake zuba dusar ƙanƙara, irin su Kanada da arewacin Amurka da Turai, masu sayar da kayan gyaran jikin mota sun san wannan matsala sarai. Da zarar hunturunsu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, wasu kan gargaɗi mai saye, wasu su jinkirta aika wasu kayan har sai sanyi ya sassauta. Dalilin mai sauƙin fahimta ne ga duk wanda ya san nono.

Mai da ruwa ba sa ga maciji da juna. Amma a cikin madara suna zaune lafiya, domin kitsen ya rarrabu zuwa ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, kowanne da wata 'yar rigar da ke hana shi manne wa ɗan'uwansa. Galibin man goge mota mai ruwa-ruwa, da kakin sheƙi, da man shafa wa taya da kujeru, haka aka gina su: kaki ko mai ko silikon a warwatse cikin ruwa, tare da wani sinadari mai shiga tsakani da ke riƙe sulhun. Idan sanyi ya kai sifiri a ma'aunin Salshiyas, ruwan yakan daskare, girmansa ya ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar da ke tsirowa tana matse ɗigon man waje guda, rigunansu su yage, su dunƙule. Bayan ƙanƙarar ta narke, ruwan ya koma ruwa, amma sulhun ya riga ya rushe. Wani lokaci girgizawa takan mayar da shi. Wani lokaci kuma, musamman idan ya daskare ya narke sau da yawa, sai dai haƙuri. Ƙaruwar girman nan kuma ita ce ke fasa roba ko ta ɗaga murfi.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Roni ko Gwiwa da wannan? Hunturunmu, ko a daren da ya fi tsanani a Janairu, bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba. Iyakarsa ya daskarar da man shanu da man kaɗe, ya sa manja ya yi kauri. Gaskiya ne. Sai dai kayan da muke shafa wa motocinmu da yawansu ba a nan aka haife su ba. Robar da aka yi oda a watan Janairu tana iya kwana a bayan babbar mota a wani gari mai ƙanƙara, ko a sito marar ɗumi kusa da tashar jirgi, kafin ta hau teku ko sama. Ta daskare a can, ta narke a hanya, ta iso Legas babu wata alama a kwalinta. Wannan shi ne rabin farko na wahalarta.

Abin da zafi ke ƙarasawa

Rabi na biyu namu ne. Kwantena akwatin ƙarfe ce, idan ta zauna cikin rana a tashar Apapa tana jiran takardu, zafin cikinta yakan zarce na waje nesa ba kusa ba. Daga nan tirela ta ɗauko ta, tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Kano, da tsaye-tsaye da lalacewar mota a hanya. A Kano a sauke a sito mai rufin kwano. Sai ƙaramin ɗan kasuwa ya zo Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya sari katan biyu, a ɗaure su a saman mota ko a cusa a but, a yi kilomita 80 zuwa Kazaure da tsakar rana. Wanda zai kai Babura ko ƙauyukan Gwiwa, tafiyarsa ta fi haka. Ƙarshenta a jera robobin a kan tebur a bakin titi, don mai wucewa ya gani. Tsakanin Maris da Mayu, zafin inuwa kansa a wannan yanki yakan kai digiri 40 har ya haura, balle na fili.

Tun 1889 masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana yadda zafi ke gaggauta sauyawar sinadarai. Daga aikinsa aka samo wani ƙiyasi da masu harhaɗa kaya ke amfani da shi har yau: duk ƙarin digiri 10, saurin lalacewa yakan kusan ninkawa. Ba doka ba ce da ta hau kan kowane kaya daidai wa daida, amma tana nuna girman abin. Kayan da aka tsara zai yi shekara 2 a digiri 25, a wannan lissafi shekara 1 zai yi a digiri 35, wata 6 kuma a digiri 45. Ke nan ranar ƙarewar da aka buga a jikin roba alkawari ne mai sharaɗi. Kamfani cewa ya yi: idan ka ajiye shi yadda na faɗa, zai kai wannan rana. Mu kuwa ranar muke karantawa, mu tsallake sharaɗin.

Misali mafi bayyana shi ne ruwan AdBlue, wanda manyan motocin dizal na zamani ke sha don tace hayaƙi. Yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifiri, amma idan ya narke yana komawa yadda yake, sanyi bai cuce shi ba. Zafi ne abokin gabarsa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta shafe shi, ISO 22241, ta nuna zai yi wata 18 idan zafin ajiya bai wuce digiri 25 ba, wata 12 a digiri 30, wata 6 kacal a digiri 35. Darasin da ke nan shi ne kowane kaya da lagonsa. Wani sanyi ke kashe shi, wani zafi, wani kuma laima. Man birki, alal misali, yana tsotsar danshi daga iska. Nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa wannan iyaka takan sauko zuwa wajen 155. Wanda ke sayar da shi a buɗaɗɗen galan, yana tsiyaya wa mutane kaɗan-kaɗan duk tsawon damina, ba jabu yake sayarwa ba, amma birkin da ya sha wannan man zai iya cin amanar direba a ranar da ya fi bukatarsa. Gwangwanayen feshi kuwa, a jikin galibinsu an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, gaban gilashin motar da aka ajiye a rana kuma yakan zarce haka. Batir ma da ke jiran mai saye a shago mai zafi yana zubar da cajinsa da sauri fiye da wanda ke wuri mai sanyi.

Akwai kuma wani tarko da ke cikin sunan kaya. Ruwan lagireto mai launi, wanda Turawa suka raɗa wa suna da ma'anar maganin daskarewa, direbobinmu da yawa sun ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne, sai su zuba ruwan rijiya. Alhali wannan ruwan, ban da hana daskarewa, yana ɗaga iyakar tafasa, yana kuma hana tsatsa cin injin. An rubuta lakabin ne don damuwar mutumin ƙasar sanyi, mu kuma muka karanta muka ce ba da mu ake ba.

Inda daskarewa ta zama tamu

Akwai wuri guda a ƙananan hukumomin nan huɗu da daskarewar kaya a hanya take matsala ta yau da kullum, kuma a can ne aka fi kowa sanin maganinta: ɗakin ajiyar allurar rigakafi.

Yawancin alluran rigakafin yara ana son su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Shekaru da dama hankalin kowa yana kan zafi, shi ya sa ake cika akwatin ɗaukar allura da ƙanƙara. Daga baya aka gane cewa wasu alluran, kamar ta cututtuka biyar da ake kira Penta, da ta ciwon hanta nau'in B, da ta tetanus, suna ɗauke da wani sinadarin alminiyam da ke dunƙulewa idan ya daskare, ƙarfin allurar ya ragu, kuma ba ya dawowa. Kwalbar da ta jingina da ƙanƙara a akwatin da aka ɗaure a bayan babur, a tsakiyar zafin Afrilu, tana iya daskarewa kafin a isa ƙauye. A 2007 Dipika Matthias da abokan aikinta na ƙungiyar PATH suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka wallafa a mujallar Vaccine. Sun gano cewa tsakanin kashi 14 zuwa 35 cikin 100 na firji ko jigilar da aka auna sun jefa allurai cikin sanyin daskarewa, a ƙasashe masu arziki da matalauta baki ɗaya.

Abin koyi shi ne yadda ma'aikatan lafiya suka tunkari lamarin. Ba su ce ƙaddara ba ce, ba su kuma ce kamfani ya yi ha'inci ba. Sun ba matsalar suna, suka yi mata ƙa'ida. Tun 1996 aka fara manna wa kwalbar allurar shan inna wani ɗan tambari mai sauya launi gwargwadon zafin da ta sha a rayuwarta. Da yake tambarin zafi kawai yake nunawa, ba ya nuna daskarewa, sai aka koyar da gwajin girgizawa: a daskarar da kwalba ɗaya da gangan, a narkar da ita, a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ga wadda gudajinta ke saurin kwantawa. Aka umarci ma'aikaci ya bar ƙanƙara ta fara narkewa har ya ji motsin ruwa a cikinta kafin ya jera ta a akwati. Aka sa ma'aunin zafi a firji, ana rubuta abin da ya nuna safe da yamma, a sa hannu. Da irin wannan horo, tare da sauran ƙoƙari, aka kai ranar 25 ga Agusta 2020, lokacin da aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Ba ina cewa a sayo wa man goge mota firji ba. Abin da nake cewa shi ne, ilimin kula da kaya a hanya ba baƙo ba ne a Kazaure ko Babura. Yana nan a hannun ma'aikaciyar asibitin unguwa. Bai dai tsallaka titi ya shiga shagon kayan mota, da na maganin feshin gona, da na irin shuka, da na fenti ba.

Hujjojin da za a kawo, da amsarsu

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce. Na farko, jabu gaskiya ne, ya cika kasuwa, kuma wannan magana tawa za ta iya zama mafaka ga maha'inci: duk wanda aka kama sai ya ce rana ce. Wannan damuwa ce mai tushe. Amma a duba da kyau, ruɗanin da muke ciki yanzu shi ya fi yi wa maha'inci amfani. Idan kayan asali ma yana isowa a tsinke, mai saye ba ya iya bambancewa, sai ya yanke cewa duk ɗaya ne, ya koma wa mai araha. Ranar da kayan asali ya riƙa isowa da lafiyarsa, ranar jabu zai fita fili.

Na biyu, za a ce tsada. Babu wuta, riba kaɗan ce, wa zai iya sanyaya sito? Amsa ita ce mafi yawan abin da ake bukata ba ya cin wuta. Inuwa ce, da iska, da lokaci. Kakanninmu sun san ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi rumfar kwano sanyi, sun san ana tafiya da sassafe ko da yamma a huta da tsakar rana. Silin a ƙarƙashin kwano, katako a ƙarƙashin katan, tazara tsakanin kaya da rufi, ɗaukar kaya da asuba, sanya roba a cikin mota maimakon samanta, ajiye roba guda ta talla a waje sauran a ciki, fara sayar da wanda ya riga zuwa: duk wannan bai kai asarar katan ɗaya ba.

Na uku, za a ce ai man goge mota ne kawai, ba rai ba ne. To, ga matashin nan na Kazaure jarinsa ne, da sunansa, da amincin shekara huɗu. Sannan hanyar da ta kashe robarsa ita ce dai hanyar da man birki ke bi, da maganin ƙwari na manomin Roni, da allurar insulin ta mai ciwon sukari, wadda ita ma zafi da daskarewa duk suna lalata ta. Ɗabi'a ɗaya ce. Wanda bai saba tambaya a kan ƙaramin abu ba, ba zai tuna ya yi ta a kan babba ba.

Wa ya kamata ya yi me

Mai shigo da kaya shi ne na farko. Kowane kamfanin kirki yana da takardar bayanin kayansa, wadda ke faɗin iyakar zafi da sanyin ajiya. Ya nema, ya karanta. Idan kayan mai ruwa ne kuma daga ƙasar ƙanƙara zai taso, ya kauce wa watannin hunturunsu, ya kuma lissafa kada kwantenarsa ta faɗo cikin tsakiyar bazararmu. Akwai 'yar na'ura da ba ta kai girman wayar hannu ba, wadda ake jefawa cikin kaya ta riƙa rubuta zafin da suka sha daga tashi har sauka. Da ita gardama ta ƙare, domin za a ga a hannun wa kaya ya mutu.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ne na biyu. Su suka fi kowace hukuma ƙarfi a cikin kasuwa. Za su iya kafa ƙa'ida cewa kayan da aka buɗe aka same shi a tsinke, cikin kwanaki kaza, a mayar da shi, asarar ta koma baya har ta isa inda ta samo asali. Wannan ba baƙon abu ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin haƙƙin mayar da kaya saboda aibin da ya ɓoyu lokacin ciniki, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC ita ma ta tanadi haƙƙin samun kaya mai inganci. Hukumomin SON da NAFDAC kuma, da ke farautar jabu, ya kamata idan sun shiga sito su riƙa duban rufinsa kamar yadda suke duban lambar rajista.

Na uku su ne makarantunmu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da aka kafa a 2021. Aikin ɗalibi ɗaya na shekarar ƙarshe ya isa: a sa na'urar auna zafi a but ɗin motar haya, da saman tirela, da shagon kwano, da ɗakin ƙasa, a bi su shekara guda, a wallafa sakamakon da Hausa. Muna maganar zafin yankinmu da ƙiyasi, alhali auna shi ba wuya. Haka nan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 kuma ya ratsa Kazaure, dama ce ta a yi wa ɗakunan ajiyar kaya na tashoshinsa tsarin inuwa da iska tun yanzu. Tun ran gini ran zane.

Na ƙarshe shi ne ni da kai, masu saye. Kafin ka biya, ɗaga robar ka duba. Ta kumbura? Lakabinta ya koɗe, alamar ta daɗe a rana? Ka girgiza, ta haɗu ta zauna ko ta sake rabuwa nan take? Idan ka kai gida, gwada a wani lungu na jikin motar kafin ka shafe ta duka. A bazara ka sayi kaɗan, kada ka tara. Kada kuma ka mayar da but ɗin motarka sito. Sannan ka ƙara tambaya ɗaya a kan wadda ka saba yi. Bayan "na asali ne?", ka ce, "a ina ya kwana?"

Da na sake bi ta Kazaure bayan damina, na tarar matashin nan ya kafa 'yar rumfar zana a bayan wurinsa, ya mayar da kayansa can, a kan katako. Ya ce mini ya koma wurin dillalinsa, sun zauna, sun raba asarar biyu. Har yau babu wanda ya san a ina robobin nan 12 suka mutu, ko a ƙanƙarar wata ƙasa, ko a Apapa, ko a saman motar da ta kawo su daga Kano. Amma yanzu da asuba yake zuwa sari, kuma katan ɗinsa a ƙarƙashin kujerar mota yake dawowa.